Abin da Turbona Ya Haɗiye

Rumfar da babanmu ya bar mana a bakin rafin Mahachai baki biyu gare ta, ɗaya yana kallon ruwa, ɗaya yana kallon kwalta. Na ruwan na yayana ne, Pi Manop, can yake gyaran injinan jiragen ruwan nan masu doguwar wutsiya, kamar yadda Baba ya yi har ƙarfinsa ya ƙare. Na titin kuwa nawa ne, ni Lamai, nan nake gyaran motoci. Ba wanda ya ja layi a ƙasa. Baba ne ya nuna da haɓa wata rana yana cin shinkafa, ya ce, "Kai can, ke nan," muka zauna a haka shekara da shekaru. Sai da aka ƙone gawarsa, muka kai tokar bakin teku muka dawo, sannan Pi Manop ya fara auna ɓangarena da ido.

Matarsa Ratri ce take son buɗe shagon taliya, kuma duk faɗin Mahachai ba ta ga inda ya dace da tukunyarta ba sai daidai inda nake shimfiɗa kwali in shiga ƙarƙashin mota. Taliyarta da daɗi, ba zan yi mata ƙarya ba. Amma ni ma ba a bola aka tsinto ni ba. A rumfar nan na koyi riƙe sufana tun hannuna bai isa zagaye ta ba, kuma duk injin da Pi Manop ya kwance yana saurayi, ni nake bin bayansa ina ɗaure abin da ya manta.

Abin da ya ba shi bakin magana wata 'yar mota ce. Ƙarama, mai kujera biyu, ba rufi, irin mai fitilun nan da ke ɗagowa daga cikin bonet in an danna maɓalli. A bayan gidan wani likitan haƙori na same ta, tun babbar ambaliya take can lulluɓe da tamfol, injinta ya sha laka ya mutu murus. Na saye ta ba don kowa ba sai don kaina. Na tafi kasuwar Chiang Kong, inda ake jibge motocin Japan da aka datse gida biyu, na yi ta yawo cikin rana har na sami gaban wata babbar mota mai inji da turbo. A wurinmu ba ma cewa turbo sai a gaban baƙo, dodon koɗi muke ce masa, don haka yake a nannaɗe. Aikinsa ɗaya ne: ya zuƙi iska da ƙarfin tsiya ya ɗura wa inji, inji ya haukace.

Cusa babban inji a cikin ƙaramar mota kuwa wahala ce tsagwaronta. Ya yi tsawo, sai da na daddaki bangon da ke tsakaninsa da ƙafar direba da guduma. Kaskon baƙin mai ya hau kan sandar sitiyari, na yanke shi na sake masa walda. Ƙafafun da injin zai zauna a kai ni na ƙera su da hannuna, na zubar da na farko, na zubar da waɗanda suka biyo baya. Sandar da ke kai gudu tayoyin baya na kai a rage mata tsawo, aka rage da yawa, na koma na yi wa mutumin tatas a gaban matarsa. Wayoyi kuwa kada ma a yi magana, duk rubutun jikinsu Japananci ne, ɗaya bayan ɗaya na bi su har idona ya fara ganin bibbiyu. Turbon ne ya ƙi samun wurin zama sam. Daga ƙarshe na kwashe kayan cikin fitilar hagu na bar murfin kaɗai, na jawo bakin bututun iskar na ajiye shi a nan. In na danna maɓalli, ido ɗaya ya buɗe da fitila, ɗayan ya buɗe da baki.

Duk wannan ya ci kusan shekara, motar tana kan jak ta cinye rabin wurina.

Wata rana muna cin abincin rana a kan bencin tsakiyar rumfa, ni da shi da Ratri da mahaifiyarmu, Mae, ga wasu masu jirage da ke jiran aikinsu suna tsoma hannu a kwaɗon gwandarmu ba wanda ya gayyace su, sai Pi Manop ya nuna motar da cokali.

"Lamai, wannan kwaɗon naki mai ido ɗaya, yaushe za a kai shi haikali a ƙone? Ki faɗa min da wuri in ɗinka baƙar riga."

"Ranar da za a ƙone bakinka, Pi. Sai a haɗa, a rage ɓarnar itace."

Masu jirage suka kwashe da dariya, ɗaya har ya ƙware.

"Mae, kin ji 'yarki ko? Bakin titi guda, mutane na wucewa da yunwa safe da yamma, ta ajiye mana gawa a kai tana yi mata kwalliya."

"Ni fa ban ce komai ba," in ji Ratri, wadda ta riga ta sayi kujerun roba ta jibge su a bayan ɗakinsu.

Na ce, "Tana tashi."

"Tashi! Injin markaɗe ma yana tashi. Tafiya nake tambaya."

"Za ta yi tafiyar da tsohuwar akori-kurarka ba ta taɓa yi ba ko a gangara."

"To madalla. Ƙarshen wata akwai tsere a filin nan na Pathum Thani. Miƙaƙƙen layi ne, ko kwana babu. Ban ce ki wuce kowa ba, ƙanwata. Ki kai ƙarshe kawai."

Da ya tsaya nan, da tsaki zan yi in tashi. Amma sai ya juya wajen masu jirage ya kwantar da murya kamar mai tausayi, ya ce, "Ku bar ta, Baba ne ya ɓata ta. Ya ga tana wasa da noti, ya ɗauka makanikiya ce." Nan take jini ya hau min kai. Na dire kwanon hannuna har miya ta fallatsa wa Ratri a riga.

"In motar nan ba ta kai ƙarshen layin da ƙafarta ba, ni Lamai zan kwashe kayana in bar muku rumfar, ku dafa taliya har a ƙarƙashin hoton Baba. In kuwa ta kai, kada in ƙara jin an ambaci taliya a gidan nan."

"Kun dai ji da kunnenku," in ji shi, yana murmushi. "Mae, ke ce shaida."

Mae ba ta ɗago ba. Tana cire wa kifi ƙaya, ta ce, "Na ji." Kuma maganar da aka yi a gaban uwa, ga masu jirage da za su kai ta har bakin teku kafin yamma, ba ta haɗiyuwa.

Dama tun ranar da aka sauke injin nan Mae ta tsani motar. Ta ce mota ba rufi akwatin gawa ce da aka manta murfinta. Ta ce mace mai shekaruna kamata ya yi a ce tana kai yara makaranta a mota mai ƙofa huɗu. Amma daga ranar wannan rantsuwa ta daina cewa komai, sai ta kawo min abinci har inda nake kwance a ƙasa, ta ajiye ta tafi.

Kowane jirgi a rafinmu yana da uwar ɗakinsa, Mae Yanang, aljanar da ke zaune a goshinsa tana tsare na ciki, shi ya sa ba za ka ga jirgi ba tare da ƙyallaye masu launi-launi da sarƙar furanni a hanci ba. Mota ma haka. Ni ba mai gardama da wannan ba ce, duk motar da na taɓa tuƙawa akwai fure rataye a madubinta. Amma da na fito wata safiya na tarar da Mae durƙushe a gaban motar tana ɗaura dogayen ƙyallaye a bamba, ja da kore da rawaya, suna reto dab da fitilar hagu inda turbo ke zuƙar iska, sai na ruga wurinta.

"Mae! Ba nan ba!"

"A goshi ake ɗaurawa."

"Goshin jirgi ba. Ki ɗaura a sitiyari, ki ɗaura a madubi, ki ɗaura a wuyana in kina so, amma ban da gaban nan."

"Ke kika fi Mae Yanang sanin inda za ta zauna?"

"Don Allah, Mae, ki bar min aikina. Ban da lokacin wannan yanzu."

Na kwance su na miƙa mata. Ta ninke su a hankali, ta cusa a aljihun zanenta, ta koma kicin.

Ranar tsere Pi Manop da kansa ya ce zai ja motar a tirela, wai yana so ya gani da idonsa kada a ba shi labari. Mae ma ta ce za ta je, ta shirya shinkafa da soyayyen kifi kamar masu zuwa yawon shaƙatawa. Muka isa da hantsi, rana ta riga ta fara dukan kwalta. Filin cike yake da akori-kura masu tuttular baƙin hayaƙi, kiɗa na tashi ta kowace kusurwa, mai lasifika yana zagin kowa ana shewa. Na sauke motar, na cire matacin iskar da ke bakin bututu kamar yadda kowa ke yi ranar tsere don inji ya sha iska son ransa, na rufe murfin fitilar, na tafi karɓar lamba.

Ina dawowa na hango su daga nesa. Mae ta sunkuya a gaban fitilar hagu, Pi Manop yana tsaye a kanta riƙe da laima. Kafin in iso murfin a rufe yake, Mae tana yayyafa wa bonet ruwan da ta karɓo daga haikali. Ban kawo komai a raina ba. Ta kama hannuna ta ɗaura min farin zare a wuyansa, bakinta na motsi. Na haɗa tafukana na sunkuyar da kai, ta shafa min gashi. Na ce a raina tsohuwar nan ta haƙura.

"Ga kwaɗon Mahachai nan ya iso!" in ji mai lasifika da na shigo kan layi. "Jama'a mace ce a ciki, ku ja yaranku baya!"

Na ɗaga masa yatsan da ya dace da shi. Na danna maɓalli, murafen fitilu suka ɗago. Daga inda nake zaune bayansu kawai nake gani.

Fitila ta koma kore, na saki kuloci.

Ban san yadda zan gaya wa wanda bai taɓa ji ba. Motar ta ɗan tsuguna, tayoyi suka yi ƙara, sannan dodon koɗi ya fara fito, siriri da farko, yana hawa yana hawa, sai kujera ta doke ni a baya. Shekara guda ina jiran wannan dukan. Na sa giya ta biyu, akori-kurar da ke gefena ta koma cikin madubi. Na yi ihu ni kaɗai a cikin hular kwano, na kira sunan Baba.

Sai na ji ƙarar da ba na fatan maƙiyina ya ji, kamar an jefa cokali a injin markaɗe. Fiton ya yanke. Farin hayaƙi ya turnuƙe daga bonet ya rufe min ido, baƙin mai ya tsiyaye ya bi ƙarƙashin motar har tayoyin baya. Bayanta ya kwace. Na juya sitiyari, ta ƙi ji, filin duk ya zagaya ni, na ga 'yan kallo, na ga sama, na sake ganin 'yan kallo, sannan gefenta ya daki tulin tayoyin da ke bakin hanya. Ko rabin layin ban kai ba.

Na fito da ƙafata, wuyan hannuna na hagu kawai ya goce. Mae ce ta fara isowa, ta riga samarin da ke ɗauke da abin kashe gobara, takalminta ɗaya ya faɗi a hanya. Ta zube a gabana tana lalubar fuskata, kafaɗuna, gwiwoyina. Pi Manop ya iso a bayanta fuskarsa ba jini. A hanyar dawowa ko shinkafar ba wanda ya buɗe.

Washegari da sassafe, kafin kowa ya fito, na kwance turbon da hannu ɗaya da haƙora. Ban yarda aikina ne ya ci amanata ba. Kowane noti na jikin motar nan na san shi kamar yatsuna. Na cire murfin gaba na leƙa.

'Yar farfelar da ke ciki, wadda ke juyawa da gudun da ido ba ya gani, haƙoranta duk sun kakkarye, sandarta ta karye gida biyu. A jikin sandar kuwa wani abu ya nannaɗe tam, ya sha mai ya yi baƙi. Na sa tsinke na zaro shi, na goge a wandona. Ja. Na zaro wani. Kore. Rawaya. Na zagaya na ɗaga murfin fitilar da hannu, sai ga ragowar ƙullin a jikin ƙarfen ciki, can inda ba mai gani sai ya sunkuya.

Na zauna daɓas a ƙasa. Abin da na fara ji tausayin Mae ne, wallahi. Tsohuwa ta ga na hana ta ɗaurawa a fili, ta ɓoye ta ɗaura a ciki don a tsare mata 'ya. Sai kuma na tuno wanda ke tsaye a kanta da laima. Mutumin da ya shekara talatin yana kwance turbo. Mutumin da ya san ko ledar ƙanƙara ta kusanci bakin nan an gama. Yana tsaye yana kallo, ƙila ma shi ya ce mata, nan, Mae, nan ba za ta gani ba. Na ji kamar in ɗauki guduma in zagaya bakin ruwa. Ya rasa da me zai yaƙe ni sai da hannun uwarmu? Na dunƙule ƙyallayen na cusa a aljihu, na yanke ƙullin na haɗa da su.

Kafin rana ta ɗaga rumfa ta cika. Masu jirage, masu babura, mai sayar da kofi, har da waɗanda ba su taɓa gaishe ni ba, kowa ya zo ganin kwaɗon da ya yi rawa a Pathum Thani. Mae tana zaune a kan benci, idanunta sun kumbura, tana yi min haɗin man shafawa na targaɗe. Pi Manop ya ɗauki farfelar ya juya ta a hannu ya yi fito.

"Wannan ba zafi ba ne, ba kuma rashin mai ba. Wani abu ya haɗiya." Ya dube ni. "Me ya shiga, Lamai?"

Na dube shi. Na ce a raina, kai ɗan banza, kai mugu. So yake in buɗe baki a gaban mutanen unguwa in ce uwata ce ta kusa kashe ni. Ya san ba zan iya ba. Wace 'ya ce za ta iya? Da na faɗa, da rantsuwar ta warware, don ba aikina ne ya gaza ba, kowa a wurin makaniki ne ko rabin makaniki, za su tsaya min. Amma Mae za ta ƙarasa rayuwarta ana nuna ta a kasuwa, ga wadda ta jefa 'yarta a bango da ƙyallen Mae Yanang. Kuma ita da kanta, da ta ji, ban san ko za ta ƙara iya cin abinci ba.

"Ke nake tambaya," in ji shi. "Dutse ne? Tsuntsu?"

Hannuna yana cikin aljihu, na damƙe ƙyallayen har farcena ya shiga tafina.

Na ce, "Noti ne."

"Noti?"

"Na manta shi a cikin bututu lokacin da na cire mataci."

Sai wani ya fashe da dariya daga baya, sauran suka ɗauka. Ba kuskuren da ya kai wannan ƙasƙanci a sana'armu. Ɗan koyo ma in ya yi shi, ba ya ƙara ɗaga kai a gareji. Wani tsohon mai jirgi da na gyara wa ɗansa mota kyauta ya girgiza kai ya ce, "Kai, mata dai." Kafin azahar sunana ya koma Lamai Mai Noti tun daga gada har kasuwar kifi.

Pi Manop bai yi dariya ba. Ya ajiye farfelar ya sosa ƙeya ya ce, "Ba sai yau ba. Ki bari hannun ya warke."

"Ka riƙe tausayinka. Yau zan tashi."

Ratri ta ce, "Ni fa ban ce komai ba," ta zagaya baya wajen kujerunta.

Da la'asar na kira wata ƙawata mai gareji a Bang Bon, ta ce akwai lungu a bayan nata da zan iya raɓawa. Ina ta jefa sufanu a akwati da hannu ɗaya, kowace ina jefawa da zagi, sai na ji takun Mae a bayana. Ta zauna a kan wata tsohuwar taya, ta ajiye kwanon man shafawa a cinyarta. Pi Manop yana can bakin ruwa yana gwada wani inji, ƙarar ta rufe mu.

"Kawo hannun."

Na miƙa mata. Ta fara murzawa, kanta a ƙasa.

"Ba noti ba ne," in ji ta.

Na ce, "Noti ne, Mae. Kada ki sa komai a ranki."

"Ke ba kya manta noti. Yayanki ne mai mantuwa."

Na ga ba sauran ɓoyo. Na durƙusa a gabanta, na sassauta murya kamar mai lallashin yaro. "Mae, ba laifinki ba ne. Ke ba ki sani ba. Shi ne ya sani, yana tsaye a kanki ya bar ki."

"Manop bai ga komai ba. Na ce ya buɗe min idanun motar in yayyafa ruwa, na aike shi sayo ƙanƙara. Kafin ya dawo na gama."

"To ai shi ke nan, kuskure ne. Kin ɗauka..."

"Lamai." Ta ɗago ta dube ni. "Shekara arba'in ina zaune a jirgin babanki. Turbo nawa leda ta ci masa a rafin nan a kan idona? Ni nake wanke masa ɓaraguzan a kwano. Ke za ki gaya min abin da dodon koɗi yake haɗiya?"

Na zare hannuna daga nata. Ban san lokacin da na miƙe ba.

"Kin sani."

"Na ce inji zai yi tari ya mutu, ki gangara gefe ki tsaya. Haka jirgi yake yi. Ya mutu, ya tsaya a kan ruwa, a jira mai ja." Muryarta ta fara rawa. "Ban san tana juyawa haka ba. Ban san mai yana zuba a taya ba. Da na ga kin nufi bangon nan..."

"Mota ce, Mae! Mota ce! Kwalta ce a ƙarƙashina, ba ruwa ba!"

"Yanzu na sani."

"Yanzu kin sani!" Na zaro ƙyallayen daga aljihu na watsa su a ƙasa a gabanta. "Shekara guda! Kin ga yadda na yi da hannuwan nan. Kina kawo min abinci kina kallona. Kin ɗaura min zare, kin shafa min kai, na kusa kuka don daɗi. Yau da safe kuma kina zaune a kan bencin can, kina ji na mai da kaina shashasha a gaban duk unguwa don in rufa miki asiri, kina dama man shafawa. Ko tari ba ki yi ba!"

"Da na yi magana, da rumfar ta zauna a hannunki."

"To ai tawa ce!"

"Da kin sayo wani turbon kin koma wata mai zuwa. In kin kai ƙarshen layi, ki nemo wanda ya fi shi girma. Na san abin da na haifa."

Na tsaya ina huci. Bakina cike da maganganun da ba a faɗa wa uwa, suna ta turereniya a bayan haƙorana. Na nuna bakin ruwa da hannun da ke da lafiya.

"Tashi ki je ki gaya masa. Yanzu. Ki gaya masa abin da kika gaya min, a gaban masu jirage."

"Ba zan je ba."

"Mae, wurin Baba ne. Shi ya ba ni."

"Na sani."

"In na fita daga nan yau, ba za ki ƙara ganin ƙafata a gidan nan ba."

Ta sunkuya ta tsince ƙyallayen ɗaya bayan ɗaya, baƙaƙe da mai, ta tara su a tafinta. Hawaye na bin kuncinta, amma muryarta ta daina rawa.

"Ki tsane ni, Lamai. So nake ki daɗe a duniya kina tsanata."

Ina iya zagayawa bakin ruwa in faɗa da kaina, tafiyar ba ta kai jifa ba. Ita ma ta san ina iyawa, ta kuma san ba zan je ba, shi ya sa ta zauna a kan tayarta tana kallona ba ko gezau. Wannan ne ya fi ƙona min rai fiye da komai.

Na rufe akwatin sufanu da ƙafa, na ja shi a ƙasa har bakin titi. A bayana na ji Ratri ta fara sauke kujerun roba.